Liyari, dala da anini: yadda ake adana tsofaffin kuɗin ƙarfe kada su lalace

A gidaje da dama na Damagaram, Maraɗi, Tasawa ko Ƙonni, sai ranar da aka buɗe adakar wata tsohuwa domin rabon gado ake cin karo da su. Can ƙarƙashin zannuwa, cikin tsumman da aka ƙulle tam ko cikin gwangwanin madara da murfinsa ya yi tsatsa, sai a tarar da liyari biyu ko uku masu hoton wata mace mai jiki, da anini mai huda a tsakiya, da tamma maras nauyi mai kan barewa, wani lokaci har da babbar dalar azurfa ta zamanin Faransawa. Abin da magada suka fi yi nan take shi ne a aiki yaro ya samo lemun tsami da toka, a dirje su har su yi ƙyalli. Cikin minti goma, abin da ya shekara ɗari a ajiye lafiya ya yi asarar da ba ta gyaruwa.

Batun ya wuce na tarihi kawai. A watan Oktoban 2025 farashin azurfa a kasuwar duniya ya haura dalar Amurka 50 kan kowace oza, wato giram 31 da ɗan ɗoriya. Liyari guda na ɗauke da tsantsar azurfa giram 23, abin da ke nufin a wancan farashi ƙarfensa kaɗai ya fi jika 20 na sefa. Ga kuma maganar sabon kuɗi da ake ta yi tun bayan kafa ƙawancen AES a Satumban 2023: duk ranar da hakan ta tabbata, dala biyar da dala goma da ke aljihun kowa a yau su ma za su shiga sahun kayan tarihi.

Sanin ƙarfen kafin a taɓa shi

Kowane ƙarfe da irin cutarsa, don haka matakin farko shi ne mutum ya san abin da ke hannunsa.

Liyari, wanda Turawa ke kira talar Mariya Tereza, kuɗin ƙasar Ostiriya ne. Nauyinsa giram 28, faɗinsa kusan santimita 4, kuma kashi 83 cikin 100 na jikinsa azurfa ne, sauran jan ƙarfe. Ayarin fatake ne suka riƙa shigo da shi ta hamada daga Tarabulus zuwa Agadas, Damagaram da Kano. Bajamushen nan mai yawon bincike Heinrich Barth, da ya sauka Kano a 1851, ya tarar ana canza guda a kan wuri 2.500. Kusan kowane liyari da za a gani yana ɗauke da shekarar 1780, kuma a nan ne mutane da yawa ke ruɗuwa. Shekarar da sarauniyar ta rasu ce, amma da yake ƴan kasuwa daga Habasha har ƙasar Hausa ba su yarda da wani samfuri ba sai shi, aka ci gaba da buga shi da wannan shekara ba a canza ba, a Viyana, daga baya har a Landan, Paris, Roma da Bombay. An buga ɗaruruwan miliyoyi, kuma gidan buga kuɗi na Viyana bai daina ba har yanzu. Liyarin kaka na iya zama ɗan shekara 200, yana kuma iya zama ɗan shekara 80.

Sai babbar dalar Faransa, wato sulen azurfa na tamma biyar, mai nauyin giram 25, kashi 90 cikin 100 azurfa, mai hoton Louis-Philippe, ko Napoléon na uku, ko ƙaton nan Hercule tsakanin mata biyu. Sunan da aka ba ta ne ya zauna a bakin mutane, shi ya sa har gobe a kasuwar Tawa ko ta Yamai ake lissafin sefa da dala, tamma biyar-biyar.

Bayan ƙirƙiro kuɗin sefa ranar 26 ga Disamban 1945, an buga wa yankin AOF tamma ɗaya da tamma biyu na sanholo a 1948, masu kan barewa, sannan a 1956 aka fito da dala, dala biyu da dala biyar na wani gami mai ruwan ɗorawa, jan ƙarfe da sanholo. Na bankin BCEAO sun biyo baya: dala ashirin ta nikel a 1967, dala goma a 1972, dala hamsin mai ƙarfe biyu a 1992 (wadda masu tebur da ƴan kabu-kabu ke yawan ƙin karɓa alhali ba a soke ta ba), sai dala arba'in da dala ɗari a 2003. Akwai kuma sulallan tunawa da samun ƴancin kai, masu shekarar 1960 da hoton shugaba Diori Hamani, na azurfa da na zinariya, waɗanda ba a buga su don kashewa a kasuwa ba.

A garuruwan bakin iyaka kuwa, kuɗin Ingilishi sun fi yawa a cikin adaka, saboda cinikin gyaɗa da zirga-zirgar Katsina da Kano: kwabo, ɗari da anini masu huda da tauraro mai tsini shida, da sule mai hoton bishiyar kwakwar manja. Aninin farko, na 1907, da sanholo aka yi shi, amma ya riƙa lalacewa da sauri a yanayin yankin har aka koma gamin jan ƙarfe da nikel a 1908. Wato matsalar da ake magana a kanta ta girmi kowa.

Garin neman gira

Masu tara tsofaffin kuɗi a duniya ba ƙyalli suke saye ba. Fatar ƙarfen suke dubawa, wato yadda ya fito daga injin bugu da kuma launin da shekaru suka ɗora masa a hankali. A Faransa suna da matakai na tantancewa, daga B, wanda ya sha hannu har ya soma shafewa, zuwa TB, TTB, SUP, har FDC, wanda bai taɓa shiga kasuwa ba. Tsakanin mataki da mataki farashi na iya ninkawa. Sulen da aka goge, komai kyansa, ana fitar da shi daga wannan layi ne gaba ɗaya, domin da madubin ƙara girma ana ganin dubban ƙananan zane a jikinsa, duk sun bi hanya ɗaya, sawun tsumman da aka yi aikin da shi.

Toka da yashi suna kankare ƙarfen. Lemun tsami, tsamiya da lemun kwalba suna cin samansa, su bar shi fari fat maras rai, ko kuma jan ƙarfe ya koma wani ja-ja kamar ɗanyen nama. Man goge haƙori da ruwan goge tagulla irin su Miror duk suna da ɓarɓashi a ciki. Kai wa maƙerin fari ya wanke ma bai fi ba, ba don bai iya aikinsa ba, sai don aikinsa shi ne fito da hasken awarwaro da zobe, yakan kuma sa wuta da ruwan asid. Baƙin da ke kan tsohuwar azurfa ba datti ba ne. Siririn lulluɓi ne da ya samu daga iska, kuma a wurin masu saye shaida ce cewa ba a taɓa sulen ba.

Ko shafawa da gefen riga ba ta da kyau, balle a wannan ƙasa. Ƙurar hunturu na ɗauke da ƙwayoyin yashi da suka fi azurfa da jan ƙarfe tauri nesa ba kusa ba. Sulen da ƙura ta hau, aka sa yatsa aka share, tamkar an bi shi da takardar goge katako ne. Hura masa iska da baki ma kan bar ɗigon yawu da zai zama tabo bayan wasu watanni.

Wankin da ya halatta kaɗan ne. Idan laka ce ta manne, a jiƙa sulen cikin tataccen ruwa, wanda ake kira eau distillée a farmasi, a bar shi ya kwana, a canza ruwan, har lakar ta saki da kanta. A ɗora shi kan tsumman auduga mai tsabta, a danna a hankali ba tare da gogawa ba, a juya, a bar shi ya bushe sarai. Ruwan famfo na da sinadarin kulorin, na rijiya kuma a wurare da yawa yana da kanwa ko gishiri, don haka ba su dace da ɗaurayar ƙarshe ba. Wanda zai sayi tataccen ruwa wajen masu gyaran batir ya kula ƙwarai, domin ruwan batir iri biyu ne, ɗayan asid ne da zai cinye sule da yatsa baki ɗaya.

Wajen ɗauka, a riƙe sule ta gefensa, tsakanin babban yatsa da manuni, bayan an wanke hannu da sabulu an shanya. Zufa na da gishiri da maiƙo. Sawun yatsa a kan jan ƙarfe ba ya nunawa ranar da aka taɓa, sai bayan shekara guda ya fito ɓaro-ɓaro, ya riga ya ci ƙarfen. A shimfiɗa tsumma mai kauri a kan tabarma ko tebur kafin a fara dubawa, saboda liyarin da ya faɗi kan siminti gefensa lotsewa yake.

Danshi, gishiri, farar wuta da roba

Ana iya cewa Nijar ta yi sa'a, tunda wata bakwai ko takwas na shekara iskarta busasshiya ce, har danshi kan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100 a watannin Fabrairu da Maris. Wannan ne ma ya sa kuɗin kakanni suka kawo yanzu. Amma a watan Agusta danshin kan haura kashi 70, kuma cikin waɗannan makonni ne ɓarnar shekara ke faruwa. A birane an ƙara wata sabuwar matsala: na'urar sanyaya ɗaki mai aiki da ruwa, wadda gidaje da yawa ke kunnawa dare da rana lokacin bazara. Tana maida ɗaki kamar damina a tsakiyar Afrilu. Ɗakin da take ciki ba wurin ajiyar sulalla ba ne.

Danshi shi kaɗai bai cika yin illa ba sai ya samu abokin aiki, kuma babban abokinsa gishiri ne. Idan gishiri ya shiga jikin jan ƙarfe ko tagulla, danshi ya biyo baya, sai wani gari-gari mai launin kore-kore mai haske ya fara tsirowa kamar ƙuraje. Masana na kiransa cutar tagulla. Ba ya tsayawa da kansa: yana haƙa rami a ƙarfen, a share shi yau ya dawo damina mai zuwa, garin kuma na iya zuba kan sulen da ke kusa. Ya bambanta da tsohon launi mai duhu, kore ko ruwan ƙasa, wanda yake sumul, mai tauri, ba ya fita ko an taɓa shi da tsinke. Wannan kariya ce, a ƙyale shi. Wanda ke kakkaɓuwa kamar alli shi ne cutar. Duk sulen da ya kamu a ware shi, a sa shi inda ya bushe ƙwarai, domin idan danshi ya yi ƙasa da kashi 40 cikin 100 ciwon lafawa yake. Kuma kada a ajiye kuɗin ƙarfe a ɗakin da ake tara kanwa, manda ko kantun gishirin Bilma.

Azurfa kuwa farar wuta ce ke baƙanta ta. Ba sai an ga farar wutar da ido ba: tana cikin robar ɗaure kuɗi, da ulu, da ashana, da takardar jarida, da kwali mai araha, da tururin albasa da ƙwai a madafa. Robar ɗaure kuɗi ta fi kowanne muni, don zafi na narkar da ita ta bar baƙin layi a kan sule wanda ba ya fita. Hayaƙin turaren wuta da ake turara adakar tufafi da shi, da humra, suna barin maiƙo mai kama ƙura. Alabe da zabira na fata ma, duk da kyansu da kuma cewa a cikinsu kakanni suka riƙa zuba kuɗi, jimar da aka yi musu na sa jan ƙarfe yin kore idan suka daɗe tare. A ajiye alaben a matsayin kayan gado, a fitar da kuɗin daga ciki.

Tammar sanholo tana da tata matsalar. Idan ta jingina da sulen jan ƙarfe ko na azurfa cikin danshi, ita ce ke cinyewa, ta yi farin gari da ƙananan ramuka. Haka nan gwangwanin da ya fara tsatsa yana shafa wa duk abin da ke cikinsa. Zuba kuɗi iri-iri a gwangwani ɗaya, suna gugar juna duk lokacin da aka ɗaga, shi ne ajiyar da ta fi yawa, ita ce kuma ta fi ɓarna.

Abin da ya fi ba mutane mamaki shi ne roba. Mai son gyara kayansa yakan sayi kundin hotuna ko wata jaka mai aljihuna na roba mai laushi, ya jera sulallansa, ya ga sun yi kyau. Yawancin irin wannan roba PVC ce, wadda ake zuba wa wani mai don ta yi taushi. Cikin zafin bazara, a ɗakin kwano da ke wuce digiri 45, man yana tsattsafowa ya kwanta kan sule, ya zama wani kore mai danƙo, robar kuma tana sakin asid a hankali. A ƙasashe masu sanyi abin kan ɗauki shekaru. A Tawa ko Agadas bai kai haka ba. Ana gane PVC da warinta irin na sabuwar ƙwallon yara ko ledar shimfiɗar ɗaki, da kuma lamba 3 cikin ɗan alama mai kusurwa uku idan an buga. Akwai gwajin da masu gidajen tarihi ke yi: a gasa bakin wayar jan ƙarfe a wutar gas har ta daina ba da launi, a dangwala ta a jikin robar, a maida cikin wutar. Idan harshen wutar ya koma kore, akwai kulorin a ciki, robar ba ta dace ba. A yi gwajin a waje, nesa da sulallan. Sulen da danƙon ya riga ya hau ana iya tsoma shi cikin tsantsar asetan na ƴan mintoci, ba wanda mata ke goge farce da shi ba, don shi yana da turare da mai. Asetan na kama wuta nan da nan, ba a buɗe shi kusa da murhu ko sigari.

Ajiya da kayan da ake samu a gari

Ƙa'idar ɗaya ce: kowane sule da ɗakinsa. Masu hali na sayen ƴan kwanonin roba mai tauri, garai-garai, da ake yi daidai faɗin kowane sule, ko kuma ɗan kwali mai santimita 5 kowane gefe da tagar leda a tsakiya, irin na kamfanonin Leuchtturm da Lindner. Ba a cika samunsu a kasuwannin ƙasar ba, sai dai a yi saƙo wajen mai zuwa Turai ko a saya ta intanet. Wanda ya samu mai kwalin, idan ya matse shi da wayar maƙale takardu, ya danne bakin wayar da filaya, don ita ce ke zane sulen da ke kusa, tana kuma tsatsa.

Wanda bai samu waɗannan ba, ba shi ke nan ba. Ƴar ledar nan mai zif da ake zuba ƙwayoyin magani a farmasi ba PVC ba ce, roba ce da ba ta cin ƙarfe. Sabuwa dal, wadda ba a taɓa sa magani a ciki ba, tana aiki: sule ɗaya a leda ɗaya, a matse iskar, a rufe. Daga nan a jera su tsaye cikin robar ajiye abinci mai murfi mai kamawa, wadda aka buga wa lamba 5 ko haruffan PP a gindi. Na azurfa a roba ɗaya, na jan ƙarfe da tagulla a wata, na sanholo su kaɗai. Ba a sa gam ko salatif a jikin sule, ba a kuma naɗe shi da auduga, don tana riƙe laima.

Cikin kowace roba a jefa ƴan ƙunshin nan masu ƙwayoyi kamar gishiri da ake tararwa a kwalin sabon takalmi ko na waya, waɗanda aka rubuta wa silica gel. Aikinsu shan danshi. Sai dai suna ƙoshi, kuma wanda ya daɗe a buɗe ya riga ya sha ya cika. Ana farfaɗo da ƙwayoyin ta hanyar gasa su a wuta maras ƙarfi, wajen digiri 120, na awa biyu, a bari su huce cikin kwalba a rufe. Shinkafar da wasu ke zubawa a madadinsu ba ta yin aikin, sai ma ta jawo ƙwari.

Lokacin da aka rufe robar ma yana da tasiri. Wanda ya rufe ta a Agusta ya kulle iskar damina tare da kuɗinsa. Gara a yi aikin a ƙarshen hunturu, cikin ɗaki a rufe saboda ƙura, sannan a riƙa dubawa sau biyu a shekara, kafin ruwa ya sauka da bayan ya ɗauke.

Liyarin da aka huda ko aka yi wa kunne don rataya a wuya ko a kitso, kamar yadda matan Hausawa, Fulani da Abzinawa suka daɗe suna yi, ya riga ya fita daga lissafin masu tara sulalla. Amma kuskure ne a ce za a cire kunnen don a maida shi yadda yake. Tabon walda ba ya ɓoyuwa, kuma an rasa abin ado mai tarihin gida a banza. A bar shi da igiyarsa da duwatsunsa, a ajiye shi daban don kada ya zane sauran.

Sai wurin da za a ɗora robar. Damunar 2024 ta nuna abin da ruwa ke iya yi: ta hallaka sama da mutum 300 a faɗin ƙasar, jihar Maraɗi na cikin waɗanda suka fi jin jiki, ta kuma rusa tsohon masallacin unguwar Birni a Damagaram a farkon Satumba. Adakar da ke ƙasa ƙarƙashin gado ita ruwa ke fara shiga. A nemi wuri mai tsayi, jikin bangon da ke tsakiyar gida ba wanda ruwan sama ke duka ba, nesa da kwanon rufi, nesa da madafa da makewayi. Firiji ba wurin ajiya ba ne, don duk fitarwa sai raɓa ta kwanta a kan ƙarfen. Binnewa cikin tukunya, dabarar da ta yi amfani zamanin yaƙe-yaƙe da hare-hare, a yau gayyatar gara ce da gishirin ƙasa, ban da haɗarin mai binnewar ya rasu bai faɗa wa kowa wurin ba. Idan ruwa ya riga ya shiga, kada a jira: a fitar da sulallan daga duk abin da ya jiƙe, a ɗauraye da ruwa mai tsabta sannan da tataccen ruwa, a shanya a inuwa ɗaya bayan ɗaya.

Littafi, sikeli da masu zuwa saye

Rabin darajar irin waɗannan kaya a cikin labarinsu take, kuma labarin ya fi ƙarfen saurin ɓata. Ƙaramin littafi ya isa: lamba ga kowane sule, abin da aka rubuta a jikinsa, shekararsa, nauyinsa, wanda ya mallake shi da yadda ya zo gidan, ko sadaki ne, ko ribar fatauci, ko guzurin da ya rage daga hanyar Makka. A rubuta lambar a bayan ledar, a ɗauki hoton gaba da baya da waya. Ranar rabon gado wannan littafi na kashe gardama da yawa. Hotunan kuma na gida ne. Baza su a Facebook ko TikTok tare da sunan unguwa kiran ɓarawo ne.

Awo a sikelin maƙeran fari ko na masu sayen zinariya na da amfani biyu. Na farko, yana tona jabu. Liyarin gaske bai kamata ya yi nisa da giram 28 ba, mayen ƙarfe ba ya kama shi, kuma a kaurin gefensa akwai rubutu mai tudu da ado. Wanda ya zo giram 22 ko 24 alhali zanensa bai shafe ba, akwai magana. Ba a gwada shi ta hanyar jefawa a ƙasa don jin ƙara, ko kankarar gefensa da wuƙa. Na biyu, mai liyari da yawa zai san inda ya tsaya game da zakka: malamai da dama na lissafa nisabin azurfa a kan giram 595, wanda liyari 26 ke cikawa.

Game da masu saye, kunne biyu ya kamata a buɗe. Akwai mai zuwa ya ce tsohon ƙarfe ne kawai, ya biya kuɗin nauyi, alhali a cikin tarin akwai wanda ya fi nauyinsa daraja, misali sulen da aka buga wa ƙaramar kalma ESSAI, wato na gwaji, waɗanda gidan buga kuɗi na Paris ya fitar kaɗan-kaɗan kafin kowane sabon samfurin AOF ko na BCEAO. Akwai kuma mai zuwa da labarin miliyoyi, ya ce wani Bature na neman anini ko kwabo mai huda, amma sai an fara biyan kuɗin gwaji ko na takardu. Gaskiyar ita ce yawancin waɗannan kuɗi an buga su da miliyoyi. Ko kwabon 1936 mai sunan sarki Edward na takwas, wanda bai cika shekara a gadon sarautar Ingila ba, yana da yawa a hannun masu tarawa, farashinsa kuma bai taka kara ya karya ba. Abin da ke bambanta guda da saura shi ne lafiyar jikinsa, abin da ajiya ce kaɗai ke tsarewa. Narkarwa kuwa hanya ce da ba a dawowa. Liyari da dala masu ɗimbin yawa sun riga sun zama awarwaro da kayan adon Agadas.

Hukuncin ya bambanta ga abin da aka tono daga ƙasa. Manomi ko mai haƙar tushen gini da ya ci karo da tukunyar tsofaffin kuɗi ko ta wuri, abin da ya samu ya shiga ƙarƙashin doka mai lamba 97-022 ta ranar 30 ga Yunin 1997, wadda ta shafi kare kayan tarihin ƙasa, kuma fitar da irinsu waje sai da izinin hukuma. Abin da ya dace shi ne a bar tukunyar yadda take, kada a juye ta, kada a wanke, a ɗauki hoton wurin, a sanar da magajin gari ko ofishin kula da al'adu na jiha, su kuma su tuntuɓi gidan tarihi na ƙasa Boubou Hama ko cibiyar bincike ta IRSH da ke Yamai. Yadda kuɗin suke jere a cikin tukunyar, da zurfin ramin, da ɓallin tsumman da ya rage a bakinta, su ne ke ba masu bincike damar sanin lokacin da aka binne ta.